Salansa da Birkin Baki: Aikin Awo Kafin Harbi

A Amurka, idan sabon mafarauci ya je wurin maƙerin bindiga neman salansarsa ta farko, gwani ba ya gaggawar buɗe kabad. Tambaya yake fara yi. Wane harsashi bindigar ke ci? Barewa za a bi a ƙafa cikin duwatsu, ko a filin gwaji za a zauna ana harbin allo? Daga amsar yake gane abin da ya dace.

Sai ya bayyana aikin salansa da na birkin baki. Idan albarushi ya kama, iska mai zafi ce ke tunkuɗa harsashi, ta fashe a bakin bututu da ƙarar da kan haura desibel 160, alhali daga 140 kunne na iya samun lahanin da ba ya warkewa. Salansa gwangwani ne mai ɗakuna a jere, kowane ɗaki na tare iskar, ya rage mata gudu da zafi kafin ta fita, kamar dai salansar babur. Hiram Percy Maxim ne ya yi rajistar wannan fasaha a 1909. Takan rage desibel 20 zuwa 35, amma ba ta kashe ƙara, domin harsashin da ya fi sauti gudu yana da tasa tsawar. Birkin baki kuwa guntun ƙarfe ne mai tagogi a gefe. Yana karkatar da iskar dama da hagu, shurin bindiga a kafaɗa ya ragu, sai dai wanda ke tsaye kusa ya sha ƙara.

Daga nan sai awo. Maƙerin zai kwance murfin bakin bututu ya duba tiredi, wato zanen da ake murɗa abu a kai. Bindigogi masu cin .223 galibi 1/2x28 ne, masu cin .308 kuma 5/8x24. Salansar da aka yi wa faɗin .30 na iya ɗaukar ƙaramin harsashi, amma ba a taɓa juya lissafin. Sannan ya ɗora salansa biyu a tafin mai saye, ya ce ya ji bambanci: ta titaniyam ba nauyi, ta dace da mai yawo a daji, ta ƙarfen Inconel ta fi jure zafi, ta dace da mai harbi a jere.

Wurin ɗaurawa ne gwaninta ke fitowa fili. Yakan goge tiredin tas, ya sa siraran washa ɗaya bayan ɗaya har tagogin birkin su tsaya daidai dama da hagu, ya ɗaure da sifana mai auna ƙarfi. Wani birkin an ƙera shi yadda salansa za ta hau kansa. Bayan ta zauna, kuma ya tabbatar babu harsashi a ciki, sai ya zura miƙaƙƙen sandan gwaji ta cikin bututu, ya leƙa. Sandan ya fito a tsakiyar rami, fili ya zagaye shi daidai ta kowane gefe. In ya jingina ko da kaɗan ne, harsashi zai daki bangon ɗakunan ya lalata komai. Malalaci a nan yake asara, don shi da ya murɗa ya ji ta tsaya, shi ke nan.

Takarda ma tana cikin aikin. Bisa dokar 1934, mallakar salansa a Amurka sai da rajista a hukumar ATF, da hoto da zanen yatsu, wasu jihohin kamar Kalifoniya kuma sun hana ta gaba ɗaya.

Ranar da izini ya fito, sai filin gwaji. Nauyin da aka ƙara a baki yakan sauya inda harsashi ke sauka, don haka ake sake saiti a yadi 100, harbi uku-uku, ana rubuta sakamako. Tsakanin harbi ana barin salansar ta huce, ana taɓawa da safar hannu a ji ko ta saki. Gwani kuma ba ya cire abin toshe kunne, ba ya kuma barin mai saye ya cire.