Furen da Ake Yi wa Damina a Cikin Ɗaki

Vanda shuka ce ta dazuzzukan Asiya masu zafi da laima, daga arewa maso gabashin Indiya zuwa Tailan da Filifin. Ba ruwanta da ƙasa. A kan reshen itace take zama, saiwoyinta masu kauri suna reto a sarari, suna shan ruwan sama da raɓa. Wanda ya san kauci zai ce ai irinsa ce, amma da bambanci: kauci huda itacen da ya hau yake yi ya sha ruwan jikinsa, ita kuwa aron wurin zama kawai ta yi. Ba ta kuma da kumburin ajiyar ruwa irin na wasu 'yan'uwanta a dangin okid, shi ya sa bushewar 'yan kwanaki ta isa ta yamutsa mata ganye.

A 1837 wani likita ɗan Ingila mai binciken tsirrai, William Griffith, ya gamu da vanda mai shuɗin fure a tsaunukan Khasi na Indiya. Attajiran Turai suka yi caa a kanta, aka yi ta tsigo ta daga daji ana lodawa a jiragen ruwa, har daga baya sai da dokokin duniya suka taƙaita cinikinta. A wancan zamani sai mai ɗakin gilashi da ake ɗumamawa da kwal ke iya riƙe ta. Yau ma'aikaci mai ɗaki biyu a Landan ko Toronto yana rataye tasa a taga.

Lokacin sanyi ne jarrabawar. Yawancin ire-iren vanda ba sa son dare ya sauka ƙasa da digiri 15, suna son laimar iska ta kai kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, ga neman haske mai ƙarfi. A Landan kuwa yinin Disamba bai cika awa 8 ba. Idan an kunna na'urar ɗumama ɗaki an kori sanyi, amma an busar da iska. Sai mai furen ya shiga hidima: ya tsoma saiwoyin a bokitin ruwa mai ɗumi da safe, ya kunna injin fesa tururi, ya rataya fitilu su ƙarasa aikin da rana ta bari. A ganina wannan mutum ba fure yake reno ba, yanayi yake ƙerawa, furen kuma shaida ce cewa ƙirar ta yi. Kuɗin aikin duka a takardar wutar lantarki yake fitowa.

A ce an kawo wannan shuka Zinyau, a ƙasar Rano, cikin Janairu. Daren hunturu a yankin Kano yakan sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka, da rana kuma laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20. Iskar da ke fasa leɓe da dunduniya, ta sa kowa neman man kaɗanya, ita ce za ta bi ta kan tsiraran saiwoyin nan. Wato abin da Bature ya jawo wa kansa da na'urar ɗumi, mu iskar arewa ke kawo mana shi kyauta, har da ƙura a kai. Haske kam muna da shi, in ban da ranakun hazo. Amma injin tururi da fitila wuta suke ci, kowa kuma ya san halin wuta a ƙauyukan Rano da Kibiya.

Ba wai mutanen yankin baƙi ne ga shuka a wajen lokacinta ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin magudanai zuwa Bunkure da Kadawa da Garun Malam da Kura, noman rani ya zama sana'ar dubban gidaje. Dubi mai renon tumatir ko albasa: ya gyara fangali, ya yafa iri, ya lulluɓe da busasshiyar ciyawa don kada iska ta shanye danshin, ya yi ban ruwa safe da yamma, in tsiro ya leƙo ya yaye rufin, bayan kamar wata guda ya yi dashe. Wannan ma kula ce mai cin rai. Sai dai manomin ruwa kawai ya kawo. Sanyin bai yaƙe shi ba, abokin aiki ya mayar da shi. Alkama ce babbar hujja. Ana so a shuka ta a tsakiyar Nuwamba domin ta yi 'ya'ya ta cika ido cikin sanyi. Wanda ya makara, zafin Maris ya riske ta, tsaba ta ƙanƙance.

A cikin gida ma haka lissafin yake. Zogale a bayan ɗaki, lalle a jikin danga, ɗaɗɗoya ko na'a-na'a a fasasshiyar tukunya kusa da wurin wanke-wanke, inda ruwan da aka zubar zai kai gare su, an kewaye da ƙaya saboda awaki. Ana yawan cewa Bahaushe bai damu da fure ba. Rabin gaskiya ce. Furanni sun cika zanen lallen amarya da atamfa da kwanukan jere, ga fulawar roba a falo. Abin da babu shi ne shukar da za ta sha ruwan da aka ɗauko a ka daga rijiya, ko aka saya wurin ɗan garuwa, ba ta shiga miya ba, ba ta shiga magani ba. Masu sayar da fulawa a bakin titunan Nasarawa a birnin Kano sun san kasuwarsu: gidajen da ke da burtsatse da mai ban ruwa.

Duk da haka akwai furen da ya tsallake wannan sharaɗi, wato ƙariya, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum. 'Yar Sahel ce, daga Senegal har Sudan da yankin Larabawa, an kuma daɗe ana dasa ta a garuruwan ƙasar Hausa. Ruwanta a kumburarren gindinta yake. Da rani takan zubar da ganye, sannan ta ɓarke da fure ja mai farin ciki a kan tsiraran rassa, a daidai lokacin da komai ya yi fari fat. Ba ta neman tururi, ba ta neman fitila. Yawan ban ruwa ma shi ke ruɓar da ita.

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne inda darajarta ta koma. Tailan, wadda ke kan gaba wajen fitar da vanda zuwa kasuwannin duniya, tana kan gaba wajen ƙariya ma. Manoman can da na Taiwan sun yi ta haɗa iri har suka fitar da mai fure ninki-ninki, da fari, da ja mai duhu, suna ɗaura su a kan gindin wata suna sayarwa. Baturen da ke jiƙa saiwar vanda yana iya ajiye ƙariya a taga ɗaya, yana lallaɓa ta ta tsallake sanyi.

Hanyar da manoman Tailan da Taiwan suka bi ba ta buƙatar lantarki. Mu reshe muke yankewa mu dasa, don haka ƙariyar unguwa guda takan zama jiki ɗaya, ita kuma ba ta cika yin kwanso ba sai an haɗa ta da wata daban. Mai son gwadawa sai ya nemo biyu daga garuruwa dabam-dabam, ya ɗauki garin furen wannan da siririn tsinke ya kai cikin na waccan. In kwanso ya nuna ya tsage, irin yakan tsiro cikin mako guda ko biyu a ƙasa mai yashi, kuma wadda ta fito daga iri ita ce ke yin katon gindin da masu saye ke nema. Sai dai a sa hannu da hattara: ƙaronta dafi ne mai taɓa zuciya, mafarauta a sassan Afirka sun yi dafin kibiya da shi, don haka ba shukar da za a bari inda yara da dabbobi ke kaiwa ba ce.