Maigadin Da Ke Hana Masu Gida Shiga: Antibairos da Firintocin Ofisoshinmu

Idan kana da shagon buga takardu a Tambuwal, ko kana aiki a wani ofis a Kebbe, da wuya a ce ba ka san wannan matsalar ba. Firinta tana kunne, akwai takarda, akwai tawada, waya ba ta tsinke ba, amma kwamfuta ta kafe a kan cewa ba ta ganin ta. Abin ya fi ciwo lokacin rajistar JAMB ko fitowar sakamakon WAEC da NECO: ɗalibai sun yi layi, janareta yana shan mai, kai kuma kana ta kashewa da kunnawa. Yawanci firintar ake zagi, ko a ce ai sabis ne babu. Sau da yawa kuwa mai laifin yana nan zaune a ƙasan allo da ɗan tambarinsa, yana shaida maka cewa kana cikin kariya. Ina nufin manhajar antibairos.

Ra'ayina shi ne, manyan manhajojin antibairos da ake cusa wa kwamfutocin ƙananan ofisoshinmu sun yi ƙiba fiye da amfaninsu, kuma masu ƙera su ba su yi tunanin irin ofishinka ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko, ta yaya kwamfuta ke magana da firinta? Kowace na'ura da ke kan rauta ɗaya tana da lambar adireshi, kuma saƙo yana shiga ta wasu ƙofofi masu lamba. Aikin bugawa yakan bi ta ƙofa ta 9100 ko ta 631. Raba firinta ko folda tsakanin kwamfutocin Windows yana bi ta 445. Akwai kuma ƙofa ta 161, wadda Windows kan bi ya tambayi firinta ko tana nan lafiya. Idan bai ji amsa ba, sai kawai ya rubuta Offline, alhali firintar garau take. To, yawancin manyan antibairos suna zuwa da tasu katangar tsaron, wadda ke karɓe aikin tsare waɗannan ƙofofi daga hannun Windows. Idan katangar ta ɗauki hanyar sadarwar ofishinka a matsayin ta jama'a, irin ta otal ko filin jirgi, sai ta ɗauki firintarka a matsayin baƙuwa ta toshe ta. Abin haushin shi ne ba kasafai take fitowa fili ta ce ita ce ta toshe ba. Ko ta yi bayani, yana can binne a cikin wani shafi da Turancin da ko mai digiri sai ya yi da gaske.

Na biyu, nauyi. Asalin aikin antibairos shi ne duba fayil kafin a buɗe shi. Yau kuwa ka saka guda ɗaya, sai ta zo da 'yan rakiya: mai share shara, mai sabunta direbobi, mai ajiye kalmar sirri, ga tallan da ke faɗo maka kullum cewa ka biya ka samu cikakkiyar kariya. Duk waɗannan suna tashi tare da kwamfuta. A sabuwar na'ura ba za ka ji ba. Amma a tsohuwar kwamfuta 'yar gwanjo mai ƙaramar ƙwaƙwalwa da tsohon faifan ajiya mai juyawa, irin wadda ta cika shagunanmu, kowane ɗan rakiya yana cin nasa kason. Inda wuta ke ɗaukewa ta dawo sau da yawa a yini, kowane kunnawa sabon jira ne. Datar da suke sha a ɓoye kuma daga aljihunka take fita.

Na uku, kuma mafi muhimmanci: domin antibairos ta iya aikinta, sai an ba ta izinin shiga can cikin zuciyar tsarin kwamfuta. Ke nan idan ta yi kuskure, gidan gaba ɗaya ne ke girgiza. A ranar 21 ga Afrilun 2010, wani sabuntawa na McAfee ya ɗauki wani halastaccen fayil na Windows XP mai suna svchost.exe a matsayin cuta, kwamfutoci masu yawa suka dinga mutuwa suna tashi. A 2016, Tavis Ormandy, mai bincike a Google, ya bankaɗo manyan ɓarakoki a cikin manhajojin Symantec da Norton, waɗanda maharin zai iya bi ta cikinsu ya kama kwamfuta. A 2017, masu bincike daga Jami'ar Michigan da Google da Mozilla da wasu wurare sun gwada antibairos ɗin da ke buɗe ɓoyayyen saƙon da ke tsakaninka da shafukan intanet don su duba shi, suka gano mafi yawansu suna raunana tsaron ne. Sai kuma ranar 19 ga Yulin 2024, da sabuntawar CrowdStrike, manhajar tsaro ta manyan kamfanoni, ta durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi.

Ita kuma ta kyautar, ka tambayi kanka da me take ci. A Fabrairun 2024, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sanar da cewa Avast zai biya dala miliyan 16.5, bisa zargin ya sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. A 2021 kuma Norton ya saka manhajar haƙar kuɗin kirifto a cikin antibairos ɗinsa. Gaskiya ne a lokacin sai mutum ya kunna ta da kansa, amma kamfanin ya riƙa yankar kashi 15 cikin 100 na abin da aka haƙo. Me ya haɗa maigadi da haƙar zinare a tsakar gidanka?

Mu ma muna da namu kason. Al'ada ce a wurinmu mai gyara ya loda antibairos biyu ko uku, wai don ƙarin tsaro. Idan dukkansu masu gadi ne na kowane lokaci, kowace tana son ta riga taɓa fayil, kowace tana kallon 'yar uwarta da ido na zargi, aiki ya tsaya. Mafi muni ita ce ta sata, wadda aka fasa makullinta. Wanda ya fasa ta ba ka san abin da ya ƙara a ciki ba, kuma idan ba ta samun sabuntawa, cututtukan bara kawai ta sani. Ga shi da zarar ka saka wata, Microsoft Defender, wanda ke zuwa a cikin Windows tun daga Windows 8, yakan ja da baya ya bar mata fili.

Kada ka fahimce ni a baibai. Cutar kwamfuta gaskiya ce. Duk mai shagon da filash ɗin mutane ke shiga kwamfutarsa ya san cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi na bogi. Sannan ƙofa ta 445 ɗin nan da ake raba firinta ta cikinta, ita ce WannaCry ya bi a Mayun 2017 ya shiga ƙasashe kusan 150, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun a watan Maris. Don haka shawarar nan ta "kashe katangar gaba ɗaya, firinta za ta yi aiki" guba ce. Haka nan wanda ke kan Windows 7, wadda aka daina yi wa sabuntawa tun 14 ga Janairun 2020, yana cikin haɗarin da babu antibairos ɗin da za ta cire masa shi duka. Windows 10 ma wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoban 2025. Kuma ba kowane lokaci ne laifin antibairos ba: idan wuta ta ɗauke rauta ta sake tashi, tana iya ba firinta sabon adireshi, kwamfuta kuma ta ci gaba da aika saƙo tsohon gida.

To me za ka yi kafin ka biya kuɗin mota a ɗauko mai gyara daga Sakkwato? Ka fara da buga shafin bayanai daga jikin firintar, ka duba adireshinta, ka rubuta shi a burauza. Idan shafinta ya buɗe, hanya tana nan, sai ka duba ko adireshin da kwamfuta ta riƙe ya yi daidai da shi. Ka sa a ba firintar adireshi na dindindin. Ka tabbata hanyar ofishin tana kan Private, ba Public ba, a Windows da kuma cikin antibairos ɗin. Idan kana zargin katangar, ka ba adireshin firintar izinin wucewa shi kaɗai. Ka bar antibairos guda ɗaya tak, kuma idan Windows ɗinka yana samun sabuntawa, Defender ya wadatar da ƙaramin ofis. Wadda za ka cire, ka yi amfani da manhajar cirewa ta kamfanin, domin sukan bar saura a baya. Sannan ka ware kwamfuta ɗaya don filash ɗin jama'a, wadda babu bayanan NIN ko na banki a kanta, ka kuma riƙa ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri daban.

Duk wanda ya zo zai sayar maka da wata, ka yi masa tambaya biyu: me za ta yi wanda Windows bai riga ya yi ba, kuma ranar da ta toshe firinta, a ina za ta faɗa maka? Idan ya fara kame-kame, riƙe kuɗinka ka sayi tawada.