Amshi Maganin Fargaba: Nazari a kan Waƙoƙin Zumuntar Mata a Adar

Akwai wani hukunci da na daɗe ina ji a bakin waɗansu masu ilmi na ikilisiya, cewa wai waƙoƙin da matan zumunta suke yi da tulu da tafi ba su kai darajar waƙoƙin littafi ba, domin ba su da zurfin tauhidi, sai maimaita magana guda har kunne ya gaji. Ni kuwa, da yake a Tawa na tashi ina jin su tun ina goye, sai nake ganin mai wannan hukunci ya tsaya ne a bakin rijiya ya ce ba ruwa, alhali bai zura guga ba.

Asalin al'amarin ba ya bukatar dogon bayani. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga nan ta kafa a Tsibiri kusa da Maraɗi, aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, aka kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. Waƙoƙin da masu bishara suka zo da su yawancinsu fassara ne a kan muryoyin Ingila da Amurka, ana bin su baiti bayan baiti da littafi a hannu. Mata kuwa, waɗanda da yawansu ba su sami karatu ba a wancan zamani, sai suka ɗauko salon da suka gada a bakin turmi da dutsen niƙa da dandalin gaɗa, wato mai bayarwa da 'yan amshi, suka zuba bangaskiyarsu a ciki.

To, a nan fasahar take, kuma a nan nake so mai karatu ya yi haƙuri da ni. Ɗangon da mai bayarwa take rerawa kullum sauyawa yake yi, domin ita ce mai lissafa abin tsoro da sunansa: damina ta yi jinkiri, rumbu ya kusa ƙasa, yaro na kwance da zazzaɓi, maigida ya tafi ci-rani Abijan wata da watanni ba labari. Amshi kuwa ba ya sauyawa ko da harafi guda, kuma abin da yake ɗauke da shi bai wuce ambaton Ubangiji da amincinsa ba. Wanda ya kasa kunne sosai zai lura cewa 'yan amshi ba sa jira mai bayarwa ta dire maganarta; tun gaɓar ƙarshe tana bakinta suke faɗowa, daidai da bugun tulu, har su binne wutsiyar kukanta a ƙarƙashin muryoyinsu. Ashe ke nan damuwa ba ta taɓa samun damar rufe zance, kuma duk yadda lissafin masifu ya yi tsawo, sau nawa aka ambace su, sau nan aka amsa musu. Wannan balaga ce ta gaske, kuma wa'azin tawakkali ne da aka gina a cikin ƙirar waƙar kanta, yadda ko wanda bai kama kalmomin ba zai ji saƙon a ƙirjinsa.

Masu cewa maimaici alamar ƙarancin ilmi ne, su buɗe Zabura ta 136, su ƙidaya ayoyinta 26, su ga ko akwai wadda ba ta ƙare da amshi guda ba. Hujjarsu ta faɗi tun daga nan.

Kada kuma a manta da irin ƙasar da ake waɗannan waƙoƙi. Adar ta ga farin 1973 da na 1984. Masu bi a cikinta 'yan ƙalilan ne, sun kwana da fargaba sa'ad da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015, sun kuma yi makoki tare da maƙwabtansu Musulmi sa'ad da aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tilliya cikin Maris 2021. Mutumin da ke zaune a irin wannan hali ya riga ya san koyarwar Almasihu a kan tsuntsaye da furanni a sura ta 6 ta Matiyu. Abin da yake nema shi ne wanda zai riƙe masa ita a daren da wasuwasi ya fi ƙarfinsa.

Ra'ayina, wanda na daɗe a kansa, shi ne cewa tsoro ciwon kaɗaici ne, bangaskiya kuwa kaya ce da jama'a suke ɗauka tare, kuma amshi shi ne gammonta. Na ga haka da idona wata Lahadi, sa'ad da wata gyatuma, wadda ɗanta ya bi hanyar hamada aka daina jin ɗuriyarsa, ta tashi bayar da waƙa; da ta zo kan sunansa sai murya ta sarƙe mata, ta tsaya riƙe da bakin zane, amma mai tulu ba ta ɗaga hannu ba, 'yan amshi kuma suka yi ta juya amshin, sau uku, sau huɗu, har ta share ido ta kama tare da su.