Matsayin Sifa Tsakanin Nahawun Ingilishi da na Hausa

Ƙa'idar nan da littattafan nahawun Ingilishi na makaranta suka gada, watau cewa sifa ita ce kalmar da ke bayyana suna, ta daɗe tana wahalar da ɗaliban makarantun horon malamai. Aibinta shi ne ta dogara ga ma'ana kaɗai. Ko a Ingilishin ma ba ta wadatar ba, gama "city" a cikin "city wall" tana bayyana "wall", amma suna ce, ba a iya ce mata "more city" yadda ake cewa "more ancient".

Yaron da ya tashi a cikin birnin Kano, ya yi karatun zaure, yakan zo aji da wani rabo dabam a kansa. Ajurumiyya, wadda Ibn Ajurrum na Fas (ya rasu 1323) ya wallafa, kashi uku ta raba magana: ismu da fi'ili da harafi. Na'atu kuwa ba kashi ne mai zaman kansa ba, ismu ne mai bin wani. Abin sha'awa, kusa da wannan F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya tsaya a kan Hausa, ya ɗauki "fari" da "baƙi" sunaye ne masu dogaro da wasu. Hujjarsa ba ta da rauni: mahaɗin da ke cikin "farin doki" shi ne ke cikin "dokin sarki".

Duk da haka ra'ayin ya wuce gona da iri, kuma Paul Newman ya fi shi gaskiya da ya ba sifa ajinta a babban nahawunsa na shekarar 2000. A je marinar Ƙofar Mata a saurara. Wanda ya ce "baƙar riga", rigar yake nufi, kalmar farko ta bi jinsin ta biyu, in riguna ne ta koma "baƙaƙen riguna". Wanda ya ce "baƙin rigar ya kama", launi yake zance, nan "baƙi" suna ne namiji, bai kula da jinsin riga ba. Haka kuma ana iya juya "baƙar riga" ta zama "riga baƙa", amma "dokin sarki" ba ya juyuwa. Waɗannan gwaji biyu, bin jinsi da adadi da kuma sauya wuri, su ne ma'auni.

Inda malamai suka fi tuntuɓe shi ne fassara. Don "cold water" ta zama "ruwa mai sanyi", sai a koya wa yara "sanyi" sifa ce. Suna ce tsantsa, shi ya sa a nan da "mai" take raɓar ruwa, kuma ake cewa "sanyi ya sauka". Yaron da aka karantar haka yakan rubuta "the water has cold", a ja masa jan layi, alhali kuwa daga allon malam kuskuren ya faro.