Johnny Clegg da Waƙar Harshe Biyu: Nazari a kan Zamanin Juluka da Savuka

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba rayuwar waƙa ta Johnny Clegg, mawaƙin Afirka ta Kudu wanda ya shahara da haɗa kiɗan Zulawa da na Turawa a zamanin mulkin wariyar launin fata. An sha yabonsa da cewa ya sada al'adu biyu da ba sa ga maciji da juna. Yabon yana da tushe, amma bai isa nazari ba. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, ƙarfin waƙoƙinsa ya samo asali ne daga almajircin da ya yi a hannun Zulawa, kuma duk inda ya yi nesa da wannan almajirci, armashin aikin ya ragu.

Tasowarsa da Koyon Kiɗa

An haifi Clegg a garin Bacup na Ingila a shekarar 1953. Mahaifiyarsa mawaƙiya ce, ita ta tafi da shi Rodeshiya, daga nan suka koma Afirka ta Kudu yana ƙaramin yaro. A Johannasbag ya haɗu da Charlie Mzila, wani Bazule mai aikin share gidaje, wanda yakan kaɗa jita idan ya tashi daga aiki. A hannunsa ya fara koyon salon da ake kira maskandi, watau kiɗan jita na 'yan ci-ranin Zulu, waɗanda suka baro ƙauyukansu na Natal suka zo birni aikin ƙarfi. Ta hanyarsa kuma ya riƙa shiga gidajen kwanan leburori, inda ya koyi harshe da rawa. Dokar ƙasa ta hana farar fata shiga irin waɗannan wurare ba da izini ba, don haka 'yan sanda suka fara kama shi tun yana ɗan shekara 15.

Ya kamata mai karatu ya lura da matsayin da ya shiga da shi. Bature a ƙasar ya saba zuwa wurin baƙar fata a matsayin ubangida, ko ɗan sanda, ko mai wa'azi. Clegg ya zo a matsayin ɗalibi, wanda ake yi wa gyara idan ya yi kure, a kuma yi masa dariya idan ƙafarsa ta saɓa wa ganga. Daga baya ya yi karatun nazarin al'adun al'umma a Jami'ar Witwatersrand, har ya koyar a can, amma ilimin littafi ya tarar da na aiki ne a ƙasa.

Zamanin Juluka

Babban abokin tafiyarsa shi ne Sipho Mchunu, ɗan ci-rani daga yankin Kranskop, mai aikin lambu a gidan Turawa. Su biyun suka kafa ƙungiyar Juluka, ma'anar sunan kuwa gumi. Faifansu na farko mai waƙoƙi da yawa, Universal Men, ya fito a 1979, jigonsa kuma rayuwar ɗan ci-rani ce, mutumin da jikinsa ke birni, hankalinsa na wajen iyali da shanu.

A nan ne batun harshe ya taso. Manazarta waƙar Hausa sun san surki, inda mawaƙi ke sako Larabci ko Turanci cikin baitinsa don ado ko nuna sani. Surkin Juluka ya wuce ado. Tun daga shekarun 1960 gidan rediyon gwamnati ya keɓe wa kowace ƙabila tasharta, da sharaɗin kada a gauraya harsuna, domin a tabbatar wa jama'a cewa rabuwa ita ce ɗabi'a. Saboda haka waƙar da aka gina baitocinta da Turanci, amshinta da harshen Zulu, ba ta da gurbi a kowace tasha. Ke nan tun kafin a kai ga ma'anar kalmomi, zubin waƙar kansa ya riga ya ƙaryata aƙidar masu mulki. Haka nan tsayuwar fari da baƙi a dandali ɗaya ta sa 'yan sanda suka sha tarwatsa wasanninsu, har suka dogara ga jami'o'i da zaurukan coci da gidajen mutane.

Misali mafi kyau shi ne waƙar Impi ta cikin faifan African Litany na 1981. Tana ba da labarin yaƙin Isandlwana na 1879, inda dakarun Zulu suka murƙushe rundunar Ingila. Abin lura shi ne, haifaffen Ingila ne ke rera ta, kuma ya tsaya ne ta gefen da Zulawa ke kallon yaƙin. Bayan shekaru, masu sha'awar wasan zari-ruga, wanda a da abin alfaharin farar fata ne, suka mayar da ita taken ƙarfafa 'yan wasan ƙasar.

Zamanin Savuka

A 1985 Mchunu ya koma gida noma da kiwo, Juluka ta watse. A 1986 Clegg ya kafa Savuka, watau mun farka, tare da Dudu Zulu, gwanin rawa da kiɗa. Faifansu na 1987, Third World Child, shi ya ƙunshi Asimbonanga, wadda ma'anar sunanta ita ce ba mu gan shi ba. Ana nufin Nelson Mandela, wanda ke tsare tun 1962, kuma an haramta buga hotonsa. Waƙar ta ambaci Steve Biko da Victoria Mxenge da Neil Aggett, baƙaƙe biyu da fari ɗaya da suka rasa rayukansu a gwagwarmaya. Gwanintarta tana cikin sanyinta: babu zagi, babu barazana, sai kira da amsawa irin na taron makoki. Duk da haka hukuma ta haramta ta.

A wannan zamani ne ya yi suna a Turai, musamman Faransa, inda aka yi masa laƙabi da Farin Bazule. Amma shaharar ta zo da hasara. A yawancin waƙoƙin Savuka kayan kiɗa na lantarki sun danne jitar maskandi, Turanci ya rinjayi harshen Zulu, har wani lokaci amshin Zulu ya koma kamar kayan ƙamshi a miya. A Juluka murya biyu ce ke zance da juna. A Savuka murya ɗaya ce ke jan ragama, saura na mara mata baya.

Sukar da Aka Yi Masa

Suka ta zo masa ta fuska biyu. Ta farko ta siyasa ce: ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta kore shi saboda yana wasa a Afirka ta Kudu alhali an ƙaurace wa ƙasar, kuma bai samu shiga bikin cikar Mandela shekara 70 da aka yi a Wembley a 1988 ba. Wannan hukunci bai yi adalci ba, domin ya daidaita mai yaƙar wariya daga cikin gida da baƙon da ya zo neman kuɗi.

Ta biyu ta fi nauyi. Laƙabin Farin Bazule ya ɗora hasken duka a kan mutum ɗaya. Zulawa dubbai sun fi shi iya rawar, amma farar fatarsa ce ta sa duniya ta waiwayo. Masu suka na iya cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai dai adalci ya wajabta a ce Clegg ma ya sha nasa bugun. An sha tsare shi, an kashe malaminsa na jami'a David Webster a 1989, an kashe Dudu Zulu a 1992, kuma bai daina ambaton Mzila da Mchunu a matsayin malamansa ba. Laifin ya fi komawa ga kasuwar da ba ta sauraron kiɗan Afirka sai ta ga fuskar da ta sani.

Kammalawa

Wata rana, yana rera Asimbonanga a Farankfot ta Jamus, Mandela da kansa ya hau dandali yana rawa. Clegg ya rasu a Johannasbag ranar 16 ga Yuli, 2019, bayan fama da ciwon daji. Wanda ke son auna aikinsa ya fara da faifan Juluka, domin a nan ne harsunan biyu suka yi kunnen doki. Darasin da ke ciki ga mai nazarin harshe da al'ada shi ne, ba haɗa kayan kiɗa ne ke sada al'adu ba. Sai mutum ya durƙusa ya koyi harshen maƙwabcinsa, ya yarda a yi masa gyara, sannan waƙarsa za ta samu masauki a gida biyu.