Sharhi a kan littafin Lombroso: ko gidan kaso na iya nuna mana musabbabin laifi?

1. Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga nazarin ilimin laifuka, wato fannin da ake kira criminologie da Faransanci, sunan da yakan fara cin karo da shi shi ne Cesare Lombroso (1835-1909), wani likita ɗan ƙasar Italiya. Littattafan share fage sukan ba shi shafi biyu ko uku, su ce shi ne mai ra'ayin cewa ana haihuwar wasu mutane da laifi a jininsu, su ƙara da cewa an daɗe da ƙaryata shi, sa'an nan su wuce. A ganinmu wannan saurin wucewa yana da illa, domin ɗalibi yakan fita da zaton cewa Lombroso awo ne kawai bai iya ba. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa babban kuskurensa yana wurin da ya je neman masu laifi, watau gidan kaso, kuma har yau wannan kuskure yana iya faɗa wa mai bincike a Yamai ko a Damagaram.

2. Abin da littafin ya ƙunsa

Littafin, L'uomo delinquente, ya fito a shekara ta 1876, an buga shi har sau biyar yana ƙara kauri, kuma an fassara shi zuwa Faransanci a 1887 da sunan L'homme criminel. Kafin wannan lokaci, masana irin su Beccaria, wanda littafinsa ya fito a 1764, aikin laifin da hukuncinsa suke dubawa, bisa cewa mutum da zaɓinsa yake aikatawa. Lombroso ya juya ido zuwa ga jikin mai aikatawar. Ya ce hasken abin ya zo masa ne lokacin da yake binciken ƙoƙon kan wani fursuna mutumin Kalabriya mai suna Giuseppe Villella, inda ya ga wani ɗan rami ta wajen ƙeya wanda ya ce an fi samun irinsa a dabbobi. Daga nan ya gina ra'ayinsa: mai laifi na haihuwa mutum ne da halittarsa ta koma baya zuwa ta mutanen farko, kuma ana gane shi da alamu, kamar girman muƙamuƙi, da manyan kunnuwa, da tsawon hannuwa, da rashin jin zafi, da son zane a jiki. A bugu na baya ya ƙara farfaɗiya cikin dalilai, ya kuma yarda cewa ba duk masu laifi ne na haihuwa ba.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga kunnen Bahaushe. Mu ma muna cewa hali zanen dutse ne, kuma akwai gidajen da ake ƙin neman aure a cikinsu don an ce sata gadonsu ce. Abin da Lombroso ya yi shi ne ya sanya wa irin wannan zato rigar likita, ya tsara shi da lissafi.

3. Sukar da aka saba yi

Tun yana raye aka fara sukarsa, musamman a Faransa. A taron masana na Roma a 1885, likitan nan na Lyon, Alexandre Lacassagne, ya nace a kan cewa zaman jama'a shi ne ƙasar da laifi yake tsira a kanta. Gabriel Tarde, wanda alƙali ne, ya nuna a 1886 da 1890 cewa laifi sana'a ce da ake koya ta hanyar kwaikwayo, abin da Hausawa suka taƙaita da cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Léonce Manouvrier kuwa ya kama shi ta wajen hanyar bincike: ba ya yiwuwa a ce alama ta masu laifi ce sai an auna waɗanda ba masu laifi ba an ga ba su da ita. Wannan gwadawa ita ce likitan kurkukun Ingila, Charles Goring, ya yi. Ya auna fursunoni wajen 3000, ya kwatanta su da ɗaliban jami'a da sojoji da wasu, kuma sakamakon da ya buga a 1913 ya nuna babu wata siffar jiki da ta keɓanta da masu laifi.

Zancen zane a jiki ma ya isa misali. Da a ce zanen fata alamar komawa baya ce, to da duk mai tsagar Gobirci ko ta Katsinanci ya shiga sahun waɗanda ake tuhuma, alhali tsaga shaidar asali ce da wanzami yake yi wa jariri tun bai san sharri ba.

4. Kuskuren da ya fi zurfi

Sai dai Goring da Lombroso sun yi tarayya a abu guda: dukansu sun ɗauka cewa wanda ke cikin kaso shi ne mai laifi, wanda ke waje kuma shi ne mutumin kirki. Nan ne gizo ke saƙa, ta fuska biyu.

Ta fuska ta farko, doka ce take raɗa wa aiki sunan laifi, ita kuwa doka tana sakewa. Émile Durkheim ya yi nuni da haka tun 1895, tarihin ƙasarmu kuma cike yake da shaida. A zamanin mulkin mallaka akwai tsarin da Faransawa suke kira indigénat, wanda ya ba kumandan ikon kulle talaka na ƴan kwanaki ko cinsa tara ba tare da shari'a ba, saboda jinkirin biyan lanho, ko ƙin fita aikin tilas, ko abin da aka ga raini ne ga hukuma. Sai a 1946 aka soke wannan tsari, tare da aikin tilas. Mu ƙaddara wani almajirin Lombroso ya shiga gidan kason Damagaram a wancan zamani da ma'auninsa: kawunan da zai auna da yawansu na manoma ne da damina ta ƙi yi musu kyau.

Misali na kusa shi ne dokar Nijar mai lamba 2015-36, wadda ta haramta safarar baƙin haure. Da aka fara aiki da ita sosai a 2016, an kama direbobi a Agadas, an ƙwace motocinsu, sana'ar da aka saba yi a fili ta koma laifi. A watan Nuwamba na 2023 aka soke dokar. Direban da ya kasance mai laifi a tsakanin waɗannan shekaru bai sake muƙamuƙi ba, bai sake kakanni ba. Abin yakan bi ta ɗaya gefen kuma: sai a 2003 dokar hukunta laifuka ta Nijar ta ambaci bautar da mutum da sunansa, ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 30.

Mai karatu yana iya cewa to, wannan gaskiya ne game da lanho da safarar mutane, amma kisa da sata ai ko'ina laifi ne. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ce Raffaele Garofalo, wani daga cikin mabiyan Lombroso, ya kawo a 1885. Amsarta tana ga fuska ta biyu: ko a cikin irin waɗannan laifuka, kaso rariya ne, ba kowa take tsarewa ba. Kafin ɓarawo ya isa can sai an gane shi, sai wanda aka cuta ya kai ƙara wajen jandarma ko ƴan sanda, sai an rasa mai shiga tsakani, sai alƙali ya ga hujja. A garuruwanmu yawancin rigingimu a zauren mai unguwa ko a fadar sarki suke mutuwa, satar cikin gida kuwa rufe ta ake yi don gudun abin kunya. Wanda yake da dangi masu faɗa a ji yakan fita tun daga matakin farko, baƙo da marar galihu su ne suke isa ƙarshe. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, doka ba ta riga ta ce masu laifi ne ba. Edwin Sutherland na Amurka ya ƙara haskaka wannan a 1939 da 1949, inda ya nuna cewa manyan kamfanoni suna karya doka a kai a kai, amma shugabanninsu ba kasafai suke ganin ƙofar kurkuku ba.

Ke nan idan Lombroso ya tarar da fursunoninsa ramammu ne, marasa karatu, masu tabon cuta, abin da ya auna shi ne talauci da zaɓen da hukuma ta yi. Kada a manta Villella mutumin kudancin Italiya ne, yankin da sojojin sabuwar daula suka yi ta yaƙi da waɗanda suke kira ƴan fashi bayan 1861.

5. Kammalawa

Adalci ne a faɗi abin da Lombroso ya bari mai amfani. Shi ya tilasta wa masana su bar gardamar ɗaki su je su dubi mutumin da aka hukunta, kuma almajirinsa Enrico Ferri ya faɗaɗa binciken ya haɗa halin mutum da muhallinsa da zaman jama'arsa. Amma hanyarsa ba ta mutu tare da shi ba. A 2016 wasu masu bincike biyu na wata jami'a a Shanghai sun ba kwamfuta hotunan fuska 1856, suka ce ta koyi rarrabe masu laifi da sauran jama'a, kuma sukar da aka yi musu ita ce dai wadda aka yi tun ƙarni na 19.

Shawararmu ga ɗaliban da za su rubuta kundi a kan musabbabin laifi a Maraɗi ko Tawa ko Damagaram ita ce kada su tsaya ga rajistar kaso da ta kotu. Ga kowane adadi da suka samu, su tambayi wace doka ce ta haife shi kuma a wace shekara, sa'an nan su bi sawun ƙararrakin da suka tsaya a hanya, a wajen masu unguwanni da sarakuna da malamai. Sai an haɗa waɗannan biyu ne za a iya fara zancen ko yunwa ce ta kai mutum ga laifi, ko abokai, ko rashin aikin yi, ko kuwa rashin mai tsaya masa ne ya kai shi kaso.