Jirgin Kara da Jirgin Rimot a Ƙasar Hausa

Ƙera ƙaramin jirgin sama aikin hannu ne mai reshe biyu a ƙasar Hausa. Akwai na gida, wanda yara ke yi da karan dawa, gwangwani da waya, a ja shi da zare ko a tura shi a ƙasa. Akwai kuma baƙo, wanda ke zuwa cikin kwali gunduwa-gunduwa, a harhaɗa shi, a sa masa inji da batir, a tashe shi sama ana sarrafa shi da rimot. Na farko ya zauna da gindinsa a wurare irin su Kurni, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Kance ta jihar Damagaram, kudu da Matamaye, kusa da iyakar Nijeriya. Na biyu kuwa sai a manyan birane, a hannun tsirarun matasa. An saba ɗaukar ɗaya wasan yara, ɗayan kuma abin masu kuɗi, alhali hanya guda ce ta haɗa su, sai dai ta tsinke a tsakiya.

Jirgin kara yana da lokacinsa. Sai an yi kaka, an girbe gero da dawa, kara ya bushe a gona, manya sun ɗebi na darni da na zana da na dabbobi, sannan yara su samu nasu. Yaro yakan zaɓi sille, dogon gaɓar nan ta saman kara, ya feɗe ɓawon da haƙori ko da tsohuwar reza, ya tsaga shi sirara-sirara. Totuwar ciki, fara mai laushi, ita ake yankawa gutsi-gutsi, a riƙa soka mata tsagin ɓawon har ginin ya tashi. Ba gam, ba ƙusa. Tayoyi daga sakaina ake fafe su ko daga tsohon silifa, farfela kuma ɓawo biyu ne a giciye bisa tsinke, in yaro ya ruga da gudu iska ta juya ta. Babu malamin da ke koyar da wannan. Ƙane na zaune gefen wansa yana miƙa masa kara, baɗi sai ga shi ya yi nasa.

Akwai ilimi na gaske a cikin wannan aikin. Yaron da ya san ƙarfin kara a ɓawonsa yake, totuwa kuma cika ciki kawai take yi ba tare da ƙara nauyi ba, ya riga ya taɓa ƙa'idar da masu ƙera fiffiken jirgin rimot ke bi, wato soso mara nauyi a ciki da fata mai tauri a waje. Hannunsa ya saba da yanka siriri, idonsa ya saba da gane inda abu ya karkace. Abin da bai samu ba shi ne awo, kuma dalilin a fili yake. Jirgin da ya sani na nesa ne, wanda ke ratsa sama ya bar farin layi, ko na hoton waya, ko jirgin alhazai da ya ji labari. Tun ranar 1 ga Nuwamba 1925, da jirage 3 na sojan saman Ingila suka sauka a Kano daga Masar, yawancin Hausawa kallon jirgi suke yi, kaɗan ne suka taɓa shi. Mai kallo kuwa abin da ido ya gani yake kwaikwaya: tagogi, tayoyi, jela, fenti. Lanƙwasar bayan fiffike da yadda aka raba nauyi tsakanin gaba da baya ba sa bayyana daga ƙasa, su ne kuwa ke sa jirgi ya tashi. Shi ya sa jirgin kara kan yi kama da jirgi sosai, amma in aka jefa shi sai ya faɗo.

A Turai ma da ƙananan jirage aka fara, tun kafin a yi manya. A 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tashi wani ɗan jirgi a birnin Paris wanda murɗaɗɗiyar roba ke juya farfelarsa, ya kuma yi tafiyarsa a daidaice ba tare da ya kife ba. A 1878 mahaifin Wilbur da Orville Wright ya kawo musu tsarabar abin wasa mai tashi, na gora da takarda da roba, irin ƙirar Pénaud, kuma su da kansu sun ce daga nan sha'awar ta kama su, har suka tashi jirginsu a 1903. Sarrafawa da rediyo ta zo daga baya. Tagwaye Walter da William Good na Amurka suna cikin na farko-farko, da jirginsu Big Guff a ƙarshen shekarun 1930. A 2003 wani ɗan jirgi mai nauyin kilo 5 da Maynard Hill ya ƙera ya ƙetare tekun Atlantika daga Kanada zuwa Ayalan, tafiyar kimanin kilomita 3,000 cikin sa'o'i kusan 39.

Kwalin da ake saye a yau iri-iri ne. Wani jirgin a shirye yake zuwa, sai cajin batir. Wani an gama jikinsa, saura ɗaura fiffike da kayan lantarki. Wani kuwa zanen takarda ne da falle-fallen itace ko soso, mai shi ya gina komai da hannunsa, kuma wannan shi ne mai koyarwa. Itacen da aka fi amfani da shi balsa ne, wanda akasarinsa daga Ekwado yake fitowa. Dangin rimi ne, ya kuma fi shi rashin nauyi, har farce na iya lotsa shi.

Aikin yana farawa da shimfiɗa zanen a kan allo madaidaici, a rufe shi da leda don kada gam ya kama takardar. Allon nan ba ƙaramin abu ba ne, domin in ya gantsare, fiffiken da aka gina a kansa gantsararre zai fito, kuma jirgin ba zai daina karkata gefe ɗaya ba har ƙarshen rayuwarsa. Fiffike ake fara ginawa. A kwantar da doguwar sandar da ke ratsa shi daga wannan baki zuwa wancan, wadda ke ɗauke da nauyi kamar yadda azara ke ɗauke da rufin soro, sannan a jera haƙarƙarin a kanta ɗaya bayan ɗaya, kowanne a tsaye cak bisa layinsa, a kafe shi da allura har gam ya bushe. Haƙarƙarin nan su ke ba fiffike siffarsa: gaba mai kauri a dunƙule, baya siriri, sama a lanƙwashe. Wannan siffa, haɗe da ɗan ɗagawar da bakin fiffike ke yi ga iska, ita ke tura iska ƙasa, iskar kuma ta tura jirgin sama. A jirgin koyo akan ɗaga ƙarshen fikafikan biyu kaɗan sama da tsakiya, don in ya karkata ya miƙe da kansa. Gam kuwa ɗiga shi ake yi. Sabon hannu yakan lafta shi da yawa don neman ƙarfi, sai ya tara nauyin banza.

Gangar jiki da jela ba su da wuya sosai, in dai an tabbata jelar tsaye ta miƙe sak, ta kwance kuma ta yi daidai da fiffike in an hango su daga baya. A gefen baya na jela da na fikafikai akwai leɓɓa masu motsi. Leɓen jelar kwance shi ke ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, na jelar tsaye ya juya shi dama ko hagu, na fikafikai kuma su karkatar da jirgin. Kowane leɓe akwai ɗan injin da ke jan sa da waya, ana kiransa sarbo, ƙananan ba su wuce giram 9 ba. Sarbo na karɓar umarni daga risiba, risiba kuma daga rimot, wanda a yau yawanci a kan zangon gigahaz 2.4 yake aiki. Tsakanin batir da injin farfela akwai na'urar da ke daidaita gudu. Haɗa waɗannan wayoyi da dalma aiki ne da duk mai gyaran salula a kasuwar Matamaye zai iya. Ƙa'ida biyu ce ba a wasa da su a nan: a cire farfela muddin ana gwaji a ɗaki, domin tana yanka yatsa, kuma a kunna rimot kafin a haɗa batirin jirgi.

Sai babban mataki, wanda shi ya raba jirgin kara da mai tashi, wato neman cibiyar nauyi. Ana sa batir da komai a ciki, a ɗora jirgin bisa yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, yatsa ɗaya kowane gefe. Wurin da ya kamata ya daidaita yana tsakanin kwata da sulusin faɗin fiffike, in an auna daga bakin gaba. Fiffike mai faɗin santimita 20, alal misali, cibiyarsa na wajen santimita 5 zuwa 6 da rabi. In hanci ya ɗan rinjaya, jirgin zai tashi, sai dai da nauyin kai da saurin sauka. In jela ce ta rinjaya, to babu mai iya riƙe shi: zai ɗaga kai, iska ta saki fiffiken, ya juyo ya daki ƙasa. Gyaran kuwa sau da yawa matsar da batir ne gaba da faɗin yatsa guda. Aikin makonni yakan tsira ko ya tarwatse a kan wannan ɗan taƙin, kuma masu gaggawa nan suke tsallakewa.

Ranar tashi akan duba kowane leɓe ko yana bin hannu yadda ya dace, domin leɓen da ya juye ya sha hallaka sabon jirgi cikin daƙiƙa kaɗan. Akan yi nisa da rimot a gwada ko saƙo na isa. Sannan a harba jirgin yana fuskantar iska. Abin da ke rikita mai koyo shi ne in jirgin ya juyo yana dumfaro shi, damarsa ta koma hagu a ido, sai hannu ya saba.

Yanayin Kurni yana da nasa hukunci. Fili dai akwai shi, gonaki bayan girbi sun ishi kowane ɗan jirgi, in an kauce wa kututturen kara da itatuwan gawo. Amma lokacin da fili ya buɗe shi ne lokacin hunturu, da iskarsa mai kaɗowa daga arewa maso gabas da ƙurar da ke shiga inji, don haka sai da sanyin safiya ko dab da magariba. Da bazara kuma zafi kan haura digiri 40, batirin litiyom kuwa ba ya shiri da zafi. Batirin ɗaki-ɗaki ne, kowane ɗaki bolt 3.7 ne, ya cika a 4.2, mai ɗaki uku ke nan 12.6 in ya cika. In aka wuce da caji, ko aka huda shi, ko aka bar shi a rana har ya kumbura, yana iya kamawa da wuta. A garin da ake da rufin ciyawa da rumbunan hatsi, cajinsa sai a waje, a kan ƙasa, da mutum a kusa.

Kwalin kansa yana da aibi. Tsadarsa ɗaya ce, ga shi kayan daga waje suke zuwa, akasari daga Sin, in farfela ta karye sai a jira wata daga Kano ko Yamai. Aibin da ya fi wannan shi ne yana iya koya wa mutum bin umarni ba tare da sanin dalili ba, ya haɗa jirgi goma bai iya zana ɗaya ba. Hanyar da ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya sayi abin da ba ya ƙeruwa a gida, wato rimot, risiba, sarbo, inji da batir, ya gina jikin da farin soson da ake naɗo firji da talabijin a ciki, da kwali, da tsagin gora ko tukurwa. Kafin ma a kai ga lantarki, ɗan jirgin jifa mara inji, na sille da takarda, da ɗan dutse a hanci don daidaita nauyi, ya isa ya koyar da cibiyar nauyi da lanƙwasar fiffike a kowace makarantar firamare ba tare da an kashe ko dala ba. Wannan matakin ne ya ɓace a tsakiyar hanya.

Waɗanda suka yi ƙoƙarin ƙetare giɓin suna nan. A 2007 kafofin labarai na duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci, rahotannin suka ce ya ɗaga sama kimanin mita 2. A Nijar, Aziz Kountché, wanda ya koya wa kansa ƙirar jirage marasa matuƙi ya kuma kafa kamfanin Drone Africa Service a Yamai, ya yi wa hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya aiki a 2016, inda jirginsa ya ɗauki hotunan matsugunan jihar Difa aka zana taswirarsu. Gwamnatin Nijeriya ma ta bi ta hanyar kwali: jirgin koyon tuƙi na sojan saman Nijeriya, Air Beetle, a Kaduna aka harhaɗa shi daga sassan jirgin RV-6A na Amurka, guda kusan 60. A 2018 kuma aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi mara matuƙi na rundunar, a Kadunan. Makarantun da mai wannan sha'awa zai nufa su ma suna kusa: kwalejin sufurin jiragen sama ta Zariya, da aka kafa a 1964, da makarantar EAMAC ta Yamai.

Akwai kuma doka, wadda yaron jirgin kara bai taɓa buƙata ba. Matsalar tsaro a yankin Sahel ta sa duk abin da ke shawagi a sama ya zama abin zargi, musamman kusa da iyaka, barikin soja ko filin jirgi. A Nijeriya, a 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin sama ta hana tashin jirage marasa matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A Nijar hukumar ANAC ce ke kula da sufurin sama na farar hula. Mai son tashin jirgin rimot a gari irin Kurni, wajibinsa ne ya nemi izinin hukuma, ya sanar da mai gari da jami'an tsaron yankin, ya nisanci taron jama'a da garken dabbobi, kuma kada ya bar jirgin ya wuce inda idonsa ke ganinsa.